Tafiya zuwa ƙasashen mabiya Budda

Yara, ku buɗe taswirar duniya. Ku ɗora yatsa a kan Libarbil, babban birnin Gabon. Birnin yana bakin teku, dab da layin ikwato, wato layin da ya raba duniya gida biyu. Hausawa da yawa suna zaune a can suna kasuwanci.

Yanzu ku ja yatsa zuwa gabas. Ku ƙetare Afirka, ku ƙetare Tekun Indiya. Za ku tarar da Siri Lanka, da Tailan, da Kambodiya. Ƙasashe ne masu zafi da yawan ruwan sama kamar Gabon. Yawancin mutanensu mabiya addinin Budda ne.

Mu ɗauka wani ɗan kasuwa da matarsa, mazauna Libarbil, sun samu hutun wata guda. Sun ce za su je su gani da idonsu, domin gani ya kori ji. Mu bi su a hankali.

Shirin tafiya

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci. A Libarbil ana samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, alhali a Maraɗi wajen 500 ne. Ruwa yakan ɗauke a Libarbil daga Yuni zuwa Satumba. Amma a wannan lokaci damina ce sosai a Tailan da Kambodiya, saboda iskar da ke tasowa daga teku ɗauke da hadari. Ana kiran wannan iska munsun. Don haka matafiyanmu suka jira watan Disamba, lokacin da sama ta washe, zafi kuma ya ragu.

Sun hau jirgin sama, sun sauka a Adis Ababa, sun canja jirgi zuwa Bankok. Da isarsu sai suka gyara agogo. Tailan tana gaban Gabon da awa 6. Idan ƙarfe 12 na rana ne a Libarbil, to ƙarfe 6 na yamma ne a Bankok.

Wane ne Budda?

Sunansa Siddarta Gautama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, shekara wajen 2,500 da suka wuce. Ɗan sarki ne, amma ya bar gidan sarauta don neman sanin dalilin wahalar ɗan Adam. Ya koya wa mabiyansa cewa kwaɗayi ne tushen wahala. Ya hore su kada su yi kisa, kada su yi sata, kada su yi ƙarya, kada su sha abin maye.

A Tailan

Bankok tana bakin kogin Cawo Faraya. Matafiyanmu suka shiga jirgin ruwa suna kallon gari. Suka ziyarci wani babban ɗakin ibada mai suna Wat Po. A ciki akwai mutum-mutumin Budda a kwance, tsawonsa mita 46.

Da sassafe suka ga masu zuhudu sun fito a jere. Kansu a aske, tufafinsu ruwan lemo, ƙafarsu ba takalmi. Kowa yana riƙe da ƙwaryarsa. Mutanen unguwa suna zuba masu dafaffiyar shinkafa. Masu zuhudun ba sa cin abinci bayan rana ta yi tsaka, sai kuma gobe.

Dā sunan ƙasar Siyam. A 1939 aka sa mata suna Tailan. Turawa ba su taɓa yi mata mulkin mallaka ba. A kudancinta akwai Musulmi masu yawa, a Bankok ma akwai masallatai.

A Kambodiya

Kambodiya tana maƙwabtaka da Tailan. Faransa ta riƙe ta daga 1863 zuwa 1953. Abin da ya fi jan baƙi zuwa can shi ne Ankor Wat, wani ƙasaitaccen gini na dutse. Sarki Suryabarman na Biyu ne ya gina shi a ƙarni na 12. Da farko wurin ibadar Hindu ne, daga baya ya koma na mabiya Budda. Hotonsa ne ke kan tutar ƙasar.

Kusa da shi akwai tabkin Tonle Sap. Wannan tabki yana da abin mamaki. Da rani ruwansa yana gangarawa zuwa kogin Mekon. Da damina kuwa, Mekon yakan cika har ya tura ruwan baya. Sai tabkin ya ninka girmansa sau huɗu ko fiye. Shi ya sa masunta suke gina gidajensu a kan dogayen turaku, wasu ma a kan ruwa. Kifin tabkin da shinkafar gefensa su ne abincin miliyoyin mutane.

A Siri Lanka

Siri Lanka tsibiri ce a kudancin Indiya. Har zuwa 1972 ana kiran ta Silon. Matafiyanmu suka sauka a Kolombo, suka hau jirgin ƙasa zuwa cikin tuddai. Jirgin yana tafiya a hankali, ta tsakiyar gonakin shayi kore shar. Mata suna tsinkar ganyen da hannu, suna jefawa cikin kwando a bayansu. A 1867 aka fara noman shayi don sayarwa a tsibirin.

A birnin Kandi akwai ɗakin ibada inda mutanen ƙasar suka ce an ajiye haƙorin Budda. Kowace shekara, a Yuli ko Agusta, ana yin babban biki da giwaye masu ado da makaɗa.

Akwai kuma wani dutse mai tsawon mita 2,243. A ƙwanƙolinsa akwai alama kamar sawun ƙafa. Mabiya Budda sun ce sawun Budda ne. Musulmin wurin sun ce na Annabi Adamu ne. Mabiya Hindu sun ce na Shiba ne. Dukansu suna hawa dutsen. Shahararren matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, ya hau dutsen a 1344. A 1353 kuma ya zo Takadda, a ƙasar Nijar ta yanzu.

Teku tana ciyar da mutanen waɗannan ƙasashe, amma tana da haɗari. Ranar 26 ga Disamba 2004 wata babbar igiyar ruwa ta afka wa gaɓar Siri Lanka da ta Tailan, dubban mutane suka rasu.

Ladabin baƙo

Baƙo ba ya barin addininsa don ya je garin wasu. Amma ba ya wulaƙanta na masu gida. Ga abin da matafiyanmu suka kiyaye:

- Sun cire takalmi kafin su shiga wurin ibada.
- Sun sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa.
- Ba su miƙe ƙafa ta wajen mutum-mutumin Budda ba.
- Ba su dafa kan kowa ba, ko da yaro ne.
- Uwargida ba ta taɓa mai zuhudu ba, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu ba.
- Sun nemi izini kafin su ɗauki hoton mutum.

Wanda ya raina al'adar mutane, mutane za su raina shi, su raina garinsu. Wanda ya yi gaggawa kuma ba zai ga kome ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Kalmomi a Faransanci

tsibiri: une île
tabki: un lac
damina: la saison des pluies
shinkafa: le riz
taswira: la carte

Tambayoyi

1. Me ya sa matafiyan suka jira watan Disamba?
2. Idan ƙarfe 8 na safe ne a Libarbil, ƙarfe nawa ne a Bankok?
3. Me ke faruwa da tabkin Tonle Sap da damina?
4. Shekara nawa ne tsakanin hawan Ibn Battuta dutsen da zuwansa Takadda?
5. Kawo abu uku na ladabin baƙo.

Aiki

Zana taswira, ka nuna Gabon da ƙasashen nan uku. Sannan ka rubuta jimla biyar a kan abin da kake so baƙo ya kiyaye idan ya zo garinku.