Kafin a Sayi Sabon Madabod: Abin da Ya Kamata a Duba

Yawancin kwamfutocin tebur da ake aiki da su a shagunan buga takardu da rijistar jarrabawa daga Ƙofar Jatau zuwa Tudun Wada tsofaffin HP da Dell ne, ’yan kwatano, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Idan ɗaya ta ƙi tashi, musamman bayan wuta ta dawo da ƙarfi, abin da mai gyara ya fi saurin faɗa shi ne madabod ya ƙone, wato babban allon da komai ke haɗuwa a kansa.

Sau da yawa ba shi ba ne. A fara zare RAM, a goge ƙurar hunturu, a mayar. A canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. A gwada wani fawa-fak ɗin. Sai idan duk wannan bai yi ba, ko aka ga tabon ƙuna ko kafasito ya kumbura, sannan a fara maganar allo.

Abu na farko shi ne mazaunin furosesa. Intel ƙarni na 2 da na 3 suna zama kan LGA1155, na 4 kuma kan LGA1150. Ido ba zai bambance su da sauri ba, amma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, kuma wanda ya tilasta zai lanƙwasa siraran ƙafafun mazaunin. LGA1151 ya fi yaudara: ƙarni na 6 da na 7 suna amfani da shi, na 8 da na 9 ma haka, amma i5-8500 ba zai tashi a allon H110 ba, sai allo mai lamba 300 kamar H310 ko B360. Sai RAM: DDR3 ƙafa 240 gare shi, DDR4 kuma 288, kuma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba.

Inda mutane suka fi asarar kuɗi shi ne wajen wuta. Allon gama-gari, irin na Asus ko Gigabyte, yana karɓar filogi mai baki 24. Dell OptiPlex 7010 ma haka yake, amma 7020 da 9020 baki 8 suke da shi, HP EliteDesk 800 G1 kuwa 6. Wanda ya sayo allon gama-gari don irin wannan kwamfutar zai tarar fawa-fak bai shiga ba, wayar maɓallin kunnawa daban, wani lokaci ramukan kusoshi ma ba su dace ba. Kafin ya ankara ya sayi rabin sabuwar kwamfuta. Don haka ga HP da Dell, hanya mafi sauƙi ita ce a nemi allo irin wanda ya mutu sak, har da girman akwati, domin na tsaye da na kwance ba lallai su zama ɗaya ba.

A nan wayar hannu ke da rana. A ɗauki hoton allon kafin a zare waya ko ɗaya, a ɗauki lambar da ke jikin sitikarsa, a tura wa mai kaya ta WhatsApp kafin a hau keke zuwa PZ. Gara ma a tafi da furosesa da RAM ɗin a gwada a gabansa.

Lokacin sanyi iska na bushewa, jiki na tara lantarkin da ke iya kashe allo, saboda haka a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa shi. A goge tsohon man da ke kan furosesa a sa sabo. Fayiloli suna cikin hadis, ba su tafi ba, amma Windows na iya neman a sake kunna lasisinsa, kuma idan BitLocker na kunne zai nemi mabuɗinsa mai lamba 48.

Akwai kuma lissafi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana son Intel ƙarni na 8 zuwa sama da TPM 2.0. Idan kuɗin allon ƙarni na 3 ya kusa rabin kuɗin wata ’yar kwatanon ƙarni na 8, a zare hadis ɗin a sayar da sauran.