Darasi na 12: Haɗarin Mota

A wannan darasi ɗalibai za su koyi kalmomin da ake amfani da su wajen ba da labarin haɗarin mota, da neman agaji, da kuma yin jaje.

A. Karatu

Da yawa daga cikin direbobin tireloli da masu babur da ke aiki a Legas da Ibadan da Fatakwal Hausa suka fi ji. Idan haɗari ya rutsa da ɗayansu, wanda ya iya tambayarsa inda ke yi masa ciwo yana iya zama sanadin ceton ransa.

Haɗari iri-iri ne. Idan motoci biyu suka yi karo gaba da gaba, sai a ce sun yi taho-mu-gama. Idan direba ya kasa sarrafa mota, sai a ce ta ƙwace masa. Daga nan tana iya faɗawa rami, ko ta kife, ko ta yi ta wuntsilawa. Idan kuwa mai tafiya a ƙasa ta samu, sai a ce ta kaɗe shi, ko ta banke shi.

Abubuwan da suka fi jawo haɗari su ne gudun wuce ƙima, da tuƙin ganganci, da lodi fiye da ƙima, da gyangyaɗi, da amsa waya ana tuƙi. Wani lokaci kuma laifin mota ne: taya ta fashe, ko birki ya shanye. Domin rage wannan asara gwamnati ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Doka ta hana ƙaramar mota wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, da kilomita 100 a kan tagwayen hanyoyi. Hausawa kan ce sauri ya haifi nawa.

Wanda ya tarar da haɗari ya fara kiran lambar hukumar, wato 122, kyauta ce. Ya danne raunin da ke zubar da jini da ƙyalle mai tsabta. Kada ya ɗura wa wanda ya suma ruwa. Kada kuma ya ja wanda ake zaton ya bugu a wuya ko gadon baya, sai fa in mota na shirin kamawa da wuta.

B. Sababbin kalmomi

jikkata: samun rauni mai tsanani
karaya: karyewar ƙashi
targaɗe: murɗewar gaɓa ba tare da ƙashi ya karye ba
ƙujewa: salewar fata
suma: fita daga hayyaci na ɗan lokaci
agajin gaggawa: taimakon da ake yi wa mai rauni kafin a kai shi asibiti
ganau: wanda aka yi abu a kan idonsa

A kula: haɗari da hadari ba ɗaya ba ne. Haɗari, mai harafin ɗ, shi ne hatsari. Hadari kuwa gajimaren da ke kawo ruwan sama ne.

C. Tattaunawa

Jami'i: Samari, kai ne ka kira mu?
Ɗalibi: Ni ne, yallaɓai. A kan idona aka yi.
Jami'i: To, yaya abin ya faru?
Ɗalibi: Bas ɗin ce ta taho a guje daga wajen Ibadan. Tana isa kwanar nan sai tayar gaba ta fashe, ta ƙwace wa direba, ta kife.
Jami'i: Mutum nawa suka jikkata?
Ɗalibi: Huɗu. Direba ya suma, wata baiwar Allah ta samu karaya a hannu, sauran biyun ƙujewa ce kawai.
Jami'i: Kun taɓa direban?
Ɗalibi: A'a, yallaɓai. Wasu sun so su jawo shi, na roƙe su su bari sai kun zo.
Jami'i: Madalla, ka kyauta. Allah ya yi maka albarka.
Ɗalibi: Amin, na gode.

D. Nahawu

Dubi waɗannan jimloli:

Taya ta fashe. Ƙusa ta fasa taya.
Ƙafarsa ta karye. Ƙarfe ya karya ƙafarsa.
Mota ta kife. Direba ya kifar da mota.

A jimlar farko ta kowane layi aikatau ƙi-karɓau ne: an faɗi abin da ya auku, ba a ambaci wanda ya jawo shi ba. A ta biyu aikatau so-karɓau ne: an bayyana wanda ya yi aikin da abin da aikin ya faɗa wa. Ganau ya kula da wannan bambanci ƙwarai, domin "mota ta kife" labari ne, amma "direba ya kifar da mota" ɗora laifi ne.

E. Jaje

Ga wanda ya tsira lafiya: Barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba.
Ga wanda ya ji ciwo: Sannu, Allah ya ba da lafiya.
Ga wanda aka yi wa rasuwa: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Amsar addu'o'in duka ita ce: Amin, na gode.

F. Tambayoyi

1. Mene ne taho-mu-gama?
2. Kawo abubuwa huɗu da ke jawo haɗarin mota.
3. Me ya sa ɗalibin ya hana a jawo direba?
4. Cike gurbi da fashe ko fasa: Dutse ya ...... gilashi. Gilashi ya ......
5. Me za ka ce wa abokinka da ya tsira daga haɗari?

G. Aikin gida

Rubuta jimloli takwas kana ba jami'in kiyaye haɗurra labarin wani haɗari. Faɗi wurin da ya auku, da dalilinsa, da yawan waɗanda suka jikkata.