Tambaya da Amsa: Ina Tsoron a Ce Na Goyi Bayan Ɓata

Tambaya: Malam, ni malamin sakandare ne a Zariya. A Disambar 2015 na ga abin da aka yi wa 'yan Shi'a, ban ce uffan ba don kada a ce ni ma nasu ne. Da aka kashe Deborah, ɗalibar da aka zarga da ɓatanci, a Sakkwato zuciyata ta ƙi yarda, amma a ɗakin malamai na ja bakina na tsuke. Shin tsaya wa wanda aƙidarmu ta bambanta goyon bayan aƙidarsa ne? Me irina zai iya, alhali manya sun yi gum?

Amsa: Malam, tsoronka yana da tushe. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar Asuba a Ɗorayi, Kano, a Afrilun 2007. An kashe Sheikh Albani Zariya da matarsa da ɗansa a Fabrairun 2014, Shekau kuma ya fito ya ce su suka yi. Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Bauchi, ta shafe wata 18 a tsare saboda ta tura bidiyon da ke sukar kisan Deborah.

Amma amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Kafin Annabci, wani falke daga Yaman ya kawo kaya Makka, Al-As ɗan Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙo ne, ba dangi, ba gata. Wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Manzon Allah (SAW) ya halarta yana matashi, bayan zuwan Musulunci ma ya yabe shi. Haƙƙin mutumin aka duba, ba wanda ya bincika abin da yake bauta wa.

Ka yi saɓani da Shi'a iyakar yadda iliminka ya kai ka. Wannan ba zai goge abin da kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa kan abin da aka yi musu a Zariya ya tabbatar ba: mutum 347 aka binne a rami ɗaya a Mando. Deborah kuwa, a ranar 12 ga Mayu, 2022, jifanta aka yi aka ƙone ta, babu alƙali, babu shaidu, babu sauraron ta bakinta. Ko a fiƙihun Malikiyya da muka taso a kai, haddi aikin hukuma ne, taron jama'a ba su da hurumin zartar da shi.

Shirun manya kuwa lissafin ƙuri'a ne. An wallafa Allah-wadai da kisan Deborah a shafin Atiku Abubakar, da aka yi masa caa aka goge. Ba shi kaɗai ba, 'yan siyasa da yawa ko furtawar ma ba su yi ba. Idan ka jira su buɗe maka hanya, za ka daɗe.

Ka dubi Malam Abubakar Abdullahi, wanda ya yi limanci a ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi. A Yunin 2018 Kiristoci suka shigo garinsu a guje, mahara na biye da su. Dattijon ya sa mata da yara a gidansa, maza a masallaci, mutum 262. Ya tsaya a ƙofa yana roƙon masu bindiga, ya ce sai dai su fara da shi. Ba shi da ɗan sanda ko ɗaya.

Ba na ce ka hau Facebook ka yi ta cacar baki da waɗanda ba ka sani ba. Kana da aji. Yaran da ke gabanka su ne gobe wani zai yi wa ihu ya ce su ɗauko dutse. Ka koya masu cewa zargi ba hujja ba ne, kuma wanda aka yi wa ihu ofishin 'yan sanda ake kai shi da ransa. A ɗakin malamai, idan an yi murnar kisa, ka ce cikin natsuwa: ni ban yarda ba. Ka nemi abokin aiki ɗaya da kake jin ra'ayinku ya zo ɗaya, ku je tare wurin limamin unguwarku, ku roƙe shi ya taɓo batun ɗaukar doka a hannu a huɗubar Juma'a.