Amsar Tambaya: Daga Dodoru Zuwa Sakkwato a Kan Keke

Tambaya: Malam, zan tafi Sakkwato daga Dodoru a kan keke. Me zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, taya ce za ta fi wahalar da kai, domin ƙaya ba ta ƙarewa a hanyoyin karkarar Gwandu. Ɗauki sabon tib biyu, da faci da sholisho, da famfon da ka gwada tun a gida. Ba kowane ƙauye ne ke da mai faci ba. Ƙara da sifana, filaya, wayar birki, da ɗan baƙin mai, don yashi na cin sarƙa.

Ruwa kuwa, ba shi wuri babba a kariya. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, saboda haka ka tashi da asuba, ka huta da tsakar rana, ka sauka a gari kafin Magariba. Ƙuli-ƙuli da dabino sun isa guzuri.