Karta Ba Ta Tuna Jiya

Sa'ad da aka aike ni Uke, kan hanyar Keffi, domin gwajin koyarwa, na sauka kusa da wata rumfa inda samari su ke buga karta da dare. Akwai wani a cikinsu wanda aka cinye shi sau bakwai a jere, har kuɗin doyar da ubansa ya aike shi sayarwa ya soma taɓuwa. Na ce masa ya tashi. Ya ce, "Malam, yanzu ne ba ni tashi, ai sa'ata ta kusa." Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, gama mu ma a Kwaleji mu kan yi irin tunanin nan wajen ludo.

Ku duba ƙwayar ludo. Fuskarta shida ne, watau damar fitowar shida ɗaya ce cikin 6. In ka jefa sau goma ba ka samu ba, jifa ta goma sha ɗaya ma ɗaya ce cikin 6. Ƙwayar ba ta da hankalin da za ta san ka sha wuya. A shekarar 1913, a gidan caca na Monte Carlo, 'yar ƙwallo ta faɗa gurbi baƙi sau 26 a jere. Turawa suka yi ta zuba dukiya a kan ja, wai lokacinsa ya yi, suka yi hasara mai yawa. Ashe abin ba na mutanen Uke kaɗai ba ne.

Amma fa a lura, karta tana da wani hali dabam. Guda 52 ce, iri huɗu, kowane iri 13. Cikin wasan da Amurkawa su ke kira foka, a ce an ba ka biyar, huɗu iri ɗaya, kana neman ta biyar. Waɗanda ba ka gani ba 47 ne, irin naka a ciki saura 9. Damarka ke nan 9 cikin 47, kusan ɗaya cikin biyar. Nan abin da ya riga ya fita ya sake lissafi, domin ba a mai da shi ba. Da zarar an tattara an sāke cuɗawa kuwa, kome ya koma farko, hasarar ɗazu ba ta bin kowa bashi. Wanda ya rarrabe waɗannan biyu ya kama kan darasin, wanda Faransawa biyu, Pascal da Fermat, suka aza harsashinsa cikin wasiƙunsu a 1654.

Kashegari na kai ƙwayar ludo aji, yara suka yi ta jifa muna rubutawa a allo, suka gane da sauri fiye da yadda na zata. Saurayin nan kuwa na zana masa lissafin a ƙasa da tsinke. Ya duba, ya duba, sa'an nan ya ce, "Malam, lissafinka daidai ne, amma gobe ranata ce."