Ba Ta Ci Komai Ba, Daga Ina Sukarin Ya Fito?

Likita, mahaifiyata tana fama da ciwon sukari, tana shan metformin da glibenclamide. Da hunturun nan ya shigo sai mura ta kama ta da ɗan zazzaɓi, bakinta ya yi ɗaci, ko koko ba ta iya shanyewa. Ganin haka na ce a dakata da ƙwayoyinta kada sukarin ya faɗi. Ƙanena kuma ya karɓo mata maganin tari na ruwa da wasu ƙananan ƙwayoyi a kemis. Washegari da muka gwada sai na'ura ta nuna 310, alhali da wuya take wuce 150. Cikinta ba komai, to daga ina? Ko na'urar ce ta lalace?

'Yar'uwarku daga Funtuwa

Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Da wuya in laifin na'ura ne. Duk lokacin da ciwo ya shigi mutum, ko da mura ce ko maruru ko ciwon haƙori, jiki yakan saki sinadarai irin su cortisol da adrenaline don ya yi yaƙi. Su kuma sai su sa hanta ta buɗe rumbunta ta zuba sukari cikin jini, su kuma rage wa insulin ƙarfi. Mai lafiya jikinsa zai ƙara insulin ya daidaita. Na Hajiya ba ya iyawa, ga shi an janye maganin da ke taimaka masa. Sukari in ya hau fitsari yakan yawaita, ruwan jiki ya ragu, abin ya ƙara hawa.

Ƙwayoyin kemis ɗin nan sun fi damuna. Ki duba sunansu yau. In dexamethasone ne ko prednisolone, waɗanda ake yawan cusa wa masu mura, su kaɗai sun isa su kai sukari inda kika gani. Maganin tari na ruwa ma da yawansa sukari ne a ciki.

Tsoronki dai yana da tushe. Glibenclamide yana iya faɗar da sukari sosai idan ciki ba komai, musamman ga tsofaffi. Metformin kuma akan dakatar da shi ne idan akwai amai ko gudawa ko bushewar jiki, saboda ƙoda. Amma wannan shawara ta likitanta ce, don haka ki kira shi ko ki kai ta yau. Masu allurar insulin kuwa kada su daina ko ba su ci ba, sai dai likita ya gyara musu adadi.

A gida ki riƙa gwada ta duk bayan awa 3 zuwa 4, kina rubutawa. Ta riƙa kurɓar ruwa akai-akai. Kada a bar ta da yunwa: kunu ko koko marar sukari, rabin kofi yanzu, rabi an jima, ko romo mai ɗan gishiri. In gwaji ya sauka ƙasa da 70, ko ta fara rawar jiki da gumi, a ba ta sukari ƙaramin cokali 3 cikin ruwa nan take, a sake gwadawa bayan minti 15.

Zazzaɓin kuma a gwada jini, kada a ce mura ce kawai. Zazzaɓin cizon sauro yana iya jan sukari ƙasa, maganin kwinin ma haka.

Idan sukarin ya tsaya sama da 250 a gwaji biyu a jere, ko amai ya hana ta riƙe ruwa, ko kika ga ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, yawan barci ko ruɗewa, kada ki jira gari ya waye. Ki kai ta asibiti, ki tafi da takardar gwajin da kwalayen magungunan duka, har da na kemis ɗin.