KARENKA A CIKIN TARON KARNUKA

Maigida, kare yana da amfani. Shi ke gadin gida da garke, shi ke tashin zomo ran farauta. Amma duk inda karnuka suka taru, nan cuta ke samun hanya. A Babban Duhu da sauran ƙauyukan Safana da Batsari, ka san matattararsu: mahauta ran kasuwa, bakin tafki da rani, juji, da dandalin da mafarauta ke haɗuwa.

Mafi munin cututtukan nan ita ce haukan kare. Ƙwayarta tana cikin yawun kare, cizo ɗaya ya isa. Takan kwanta shiru a jikin mutum wata 2 ko 3, har miki ya warke, a manta. Ran da alamunta suka bayyana kuwa, magani ya ƙare, sai mutuwa. Saboda haka kiyaye waɗannan:

1. Da kwikwiyo ya cika wata 3, kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafi. A sake kowace shekara. In aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari, cutar ba ta samun wurin zama.

2. In za ka ratsa kasuwa ko taron farauta, riƙe shi da igiya. Kare marar lafiya a bar shi gida a ɗaure.

3. Kada ya sha a bakin rijiya. Ba shi kaskonsa dabam. Kashinsa yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, sai a binne shi nesa da ruwan sha da wurin wasan yara.

4. In karnuka suna faɗa, kada ka sa hannu. Watsa musu ruwa daga nesa.

5. Gargaɗi yara. Kada su jefi baƙon kare, kada su taɓa mai cin abinci ko karya mai shayarwa. In an cije su, ko an yakushe su, su faɗa nan da nan, ba za a doke su ba.

IN KARE YA CIJI MUTUM

Wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu har minti 15. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko barkono. A kai shi asibiti ran nan, kada a kwana, ko da ciwon ƙanƙane ne. Allurar ba ɗaya ba ce, sai a cika duk ranakun da likita ya sa.

Karen kuwa a tsare shi kwana 10 ana dubawa, amma kada a jinkirta zuwa asibiti don wannan. In ya sake hali, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya tarar, ko ya mutu, a gaya wa mai unguwa da malamin dabbobi.

Karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, gama karensa da naka tafki ɗaya suke sha. Rigakafi ya fi magani.